Muhammad Ali: wanne daga cikinsu?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya faru a ajina shekaranjiya, har yanzu yana min yawo a rai. Muna darasin Masar a ƙarni na 19, sai na ɗaga hoton masallacin nan mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi biyu da ke kan tsauni a Alƙahira, na ce sunansa Masallacin Muhammad Ali. Wani yaro a layin baya, mai ƙoƙari ne kuwa, ya ɗaga hannu idonsa na ƙyalli ya ce, "Malam, ashe da kuɗin dambe ya gina shi?" Ba wanda ya yi dariya, domin kusan duk ajin abin da suka ɗauka ke nan. An fara ginin masallacin a 1830, shi kuwa ɗan damben sai 1942 aka haife shi. Shekara 112 ke tsakani.

Da na koma gida na ɗauki takarda na fara lissafa sanannun masu wannan suna, kafin na ankara na haura goma. Ga mai mulkin Masar, ga ɗan damben Amurka, ga Jinnah na Pakistan, ga malaman tafsiri, ga shugabannin Iran. Ni a ganina ɗan damben ya cancanci a fara tuna shi idan an ambaci sunan, ba don ƙarfin hannunsa ba. Sauran duk a zanen goyo aka raɗa musu, shi kuwa da girmansa ya karɓa, kuma sai da ya biya farashinsa. Amma ina son jin ta bakinku.

Baban Siyama:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ban yarda ba. Yaya za a ɗora mai naushi a kan mutumin da ya gina ƙasa? Muhammad Ali Basha fa ba ma Bamisire ba ne. A Kavala aka haife shi, garin da yanzu yake cikin Girka, asalinsa Albaniya. Ya zo Masar a 1801 cikin rundunar da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta turo don korar Faransawa, shekara huɗu kacal ya zama gwamnan ƙasar. Sai da ya haura arba'in ya koyi karatu, amma shi ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ, ya tura ɗalibai Faransa a 1826 tare da Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi a matsayin limaminsu, ya buɗe makarantar likitanci a 1827, ya fito da jaridar gwamnati a 1828, ya buɗe makarantar ungozoma a 1832. Audugar nan mai dogon zare da Masar ta yi suna da ita, a zamaninsa aka fara nomanta gadan-gadan. Zuriyarsa ta riƙe Masar har sai da sojoji suka tuɓe Sarki Faruk a 1952. Ɗan dambe me ya bari in ban da hotuna?

Ɗalibar Lauya:
Baba, ka kawo rabin labarin ka bar rabi. Malamai da mutanen Alƙahira ne suka tsaya masa ya hau mulki a 1805, a ƙarƙashin Sayyid Umar Makram, shugaban sharifai. Da ya ji ya zauna daram, a 1809 ya kori Umar Makram zuwa Dimyaɗ. Ranar 1 ga Maris 1811 ya gayyaci manyan Mamluk, wato sojojin nan 'yan asalin bayi da suka daɗe suna juya Masar, bikin naɗa ɗansa Ɗusun jagoran yaƙin Hijaz. Da suka fito cikin kwalliya a kan dawakai suka shiga wani matsattsen lungu mai gangara, sai aka rufe ƙofa gaba da baya, aka yi musu ruwan harsashi daga kan katanga. Ɗaruruwa suka mutu, baƙin da shi ya kira da bakinsa. A cikin ganuwar da wancan kyakkyawan masallacin yake tsaye aka yi wannan aiki.

Baban Siyama:
'Yata, su Mamluk ɗin fa ba waliyyai ba ne. Shekaru aru-aru suna tatsar manoma suna yaƙi da junansu. Da ya bar su da sun kashe shi. Zamani ne na kowa tasa ta fisshe shi, ba za ki auna shi da mudun yau ba.

Ɗalibar Lauya:
To na ji, mu bar Mamluk. Manoman fa? Da aikin tilas aka haƙa kogin Mahmudiyya da ya haɗa Iskandariyya da Nilu, dubbai suka mutu a bakin aikin. Ya ƙwace filaye, ya hana manomi sayar da amfanin gonarsa ga kowa sai gwamnati, a farashin da ita ta yanka. A 1820 ya tura ɗansa Isma'il ya ci Sudan, kuma abu biyu yake nema: zinare da bayin da zai mayar sojoji. Mutanen Shandi sun ƙone Isma'il ɗin da wuta a 1822, ramuwar da ta biyo baya kuwa ta ci rayuka masu yawa. Da bayin suka riƙa mutuwa a sansani, sai ya koma kamen manoman Masar. Samari suka riƙa yanke yatsa ko lalata ido ɗaya don kada a ɗauke su soja. Baba, mutum ya sa wuƙa ya datse yatsansa da kansa, ka san ba ƙaramin tsoro ke bin sa ba.

Malamin Tarihi:
Dakata ƙanwata, kin taɓo wani wuri da ban taɓa haɗawa ba sai yanzu. Muhammad Ali ɗaya ya tura runduna kamen bayi, ɗayan kuma jikan bayi ne. Ɗaya ya cusa mutane soja da ƙarfin tsiya, ɗayan kuma an kira shi soja ya ce ba ya zuwa. Ranar 28 ga Afrilu 1967, a Houston, aka kira sunansa ya tako gaba a rantsar da shi don yaƙin Biyetnam, ya ƙi motsawa. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi lasisin dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000. Bai shiga kurkuku ba saboda ɗaukaka ƙara, amma ya yi shekara uku da rabi ba ya hawa fage, daga yana 25 har ya kusa 29, wato ganiyar ƙarfin ɗan dambe. Sai a Yunin 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke shi. Wannan nake nufi da farashi, Baban Siyama.

Ustaz:
Allah ya gafarta Malam, akwai gyara. Ka ce da girmansa ya karɓi sunan, gaskiya ne, amma a hannun wa? Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar baƙaƙen fatar Amurka ta Nation of Islam, shi ne ya raɗa masa a watan Maris 1964, 'yan kwanaki bayan ya doke Sonny Liston. Ƙungiyar Nation of Islam a wancan lokacin aƙidarta ba Musuluncin da muka sani ba ce, suna da maganganu game da wanda ya kafa ƙungiyar da kuma fararen fata waɗanda babu malamin da zai amince da su. Kuma saboda biyayya ga Elijah ɗin ya juya wa amininsa Malcolm X, wanda ya fice daga ƙungiyar, baya, aka kashe Malcolm a 1965 ba su shirya ba. Shi da kansa ya nuna nadamar wannan daga baya. Sai a 1975, da Warith Deen ya gaji mahaifinsa Elijah, suka dawo kan tafarkin Sunna. A faɗi wannan ma a gaban yara.

Malamin Tarihi:
Na karɓi gyara, Ustaz, kuma zan faɗa musu. Sai dai hakan bai rage komai a hujjata ba. Ya shiga ta ƙofar da ya samu a buɗe, ya ci gaba da tafiya har ya iso inda ya dace, sunan kuma bai ajiye shi ba ko da rana ɗaya.

Dattijo:
Yara, ku bar ni in sa baki, don ni na rayu a zamanin. Jaridu da yawa sun daɗe suna rubuta Cassius Clay, sun ƙi kiran sa da sabon sunan. Akwai wani ɗan dambe dogo, Ernie Terrell, shi ma ya nace wa Clay. Da suka haɗu a Fabrairun 1967, turmi 15 Ali yana dukansa yana tambayarsa, "Mene ne sunana?" Wasu sun ce ya yi mugunta a daren, kuma ban ce ƙarya suke ba. Amma ku gane, ba wasa yake da sunan ba.

Damben Kinshasa na 30 ga Oktoba 1974 kuwa, da kunnena na ji shi. Da tsakar dare aka yi, ƙarfe huɗu na asuba agogon can, don ya dace da masu kallo a Amurka. Mu bakwai muka kewaye rediyo ɗaya, batir ya yi sanyi, wani yana riƙe da eriya da hannu don kada muryar ta tafi. Abokin karawarsa George Foreman bai taɓa shan kaye ba, kuma Ali ya girme shi da shekara bakwai, kowa ya ce Ali zai mutu a fage. Mai sharhi ya yi ta cewa Ali ya jingina da igiya yana shan duka, muka yi tsit kamar gidan makoki. A turmi na takwas sai muka ji ihu ya cika rediyon, mai riƙe da eriya ya saki, muryar ta ɓace. Sai da muka lalubo tashar muka ji Foreman ne a ƙasa. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Maman Haidar:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka mayar da mu can kamar muna wurin. Ni tambaya gare ni. Na ji an ce shi kansa sunan Cassius Clay ɗin ma na wani ne. Gaskiya ne?

Ɗalibar Lauya:
Gaskiya ne Hajiya, kuma nan abin ya ƙara daɗi. Cikakken sunansa na yanka Cassius Marcellus Clay, sunan mahaifinsa ne, shi kuma mahaifin an sa masa sunan wani Bature ɗan siyasar jihar Kentaki da ya rayu daga 1810 zuwa 1903. Wannan Baturen ɗan masu bayi ne, amma ya 'yanta bayin da ya gada, ya kafa jaridar yaƙi da bauta a 1845, Shugaba Lincoln kuma ya tura shi jakada Rasha. Wato sunan da Ali ya yar ya ce na bauta ne, na mai yaƙi da bauta ne. Duk da haka ni na fahimce shi. Ko mai sunan mutumin kirki ne, Clay ɗin dai daga gidan iyayengiji ya shigo zuriyarsu, ba kakanninsa suka zo da shi daga Afirka ba. Mutum ɗaya, takwara sau biyu: kafin 1964 da wani, bayan 1964 da wasu.

Baban Siyama:
Kun taru a kan mutum biyu kun manta da wanda ya zana ƙasa sabuwa fil a taswirar duniya. In Basha bai yi muku ba, Jinnah fa? An haife shi a Karachi a 1876, ya yi karatun lauya a Landan, ya fara siyasa a jam'iyyar Congress ta Indiya yana neman haɗin kan Hindu da Musulmi, daga baya ya ja ragamar Muslim League har aka samu Pakistan ranar 14 ga Agusta 1947. Ba bindiga, ba runduna, da hujja da taurin kai a teburin shawara. Yana fama da tarin fuka yana ɓoyewa, wata 13 bayan samun ƙasar ya rasu, ranar 11 ga Satumba 1948. Shi ma ya biya, Malam.

Malamin Tarihi:
Ya biya, ban musa ba, kuma miliyoyin da rabon Indiya ya raba da gidajensu su ma sun biya. Amma lura, duniya da Jinnah ta san shi, ba da Muhammad Ali ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Indiya ɗin kanta yana da takwara a zamani ɗaya, kuma sun yi karo. Maulana Muhammad Ali Jauhar, ɗan jarida, wanda ya yi karatu a Aligarh da Oxford, shi da yayansa Shaukat suka jagoranci fafutukar kare Halifancin Usmaniyya, suka haɗa kai da Gandhi a kan ƙaurace wa Turawan Ingila. A taron Congress na Nagpur a Disamban 1920, Jinnah ya tashi ya soki wannan hanya aka yi masa ihu, ya bar jam'iyyar. Jauhar yana ɓangaren da ya yi rinjaye, har ya shugabanci Congress a 1923. Ya je Landan taron shawara kan makomar Indiya yana da ciwo, ya faɗa wa Turawa ba zai koma ƙasar da ba ta da 'yanci ba, kuma bai koma ba. A can ya rasu a Janairun 1931, aka kai shi Ƙudus aka binne kusa da Masallacin Aƙsa.

Ɗalibar Lauya:
Yaya Malam, ƙara da wannan a jerinka. Pakistan ta yi firaminista biyu a jere masu sunan. Muhammad Ali Bogra daga 1953 zuwa 1955, shi ya wakilci ƙasar a taron ƙasashen Asiya da Afirka na Bandung, sai Chaudhry Muhammad Ali ya karɓa daga hannunsa, a lokacinsa aka yi tsarin mulkin farko na 1956. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a kan wannan zamani sai ya natsu.

Maman Haidar:
Ikon Allah. Iran ɗin da ka ambata fa, Malam?

Malamin Tarihi:
Biyu na sani, Hajiya. Sarki Muhammad Ali Shah na gidan sarautar Ƙajar, wanda ya sa aka harbi ginin majalisa da igwa a 1908, aka tuɓe shi a 1909. Sai Muhammad Ali Raja'i, malamin lissafi da ya zama shugaban ƙasa a Agustan 1981, bai cika wata guda ba bam ya kashe shi tare da firaministansa.

Ustaz:
Duk sarakuna da 'yan siyasa da ɗan dambe kuke ta kawowa. Ina masu alƙalami? Shaikh Muhammad Ali As-Sabuni, haifaffen Halab a 1930, ya yi karatu a Azhar, ya daɗe yana koyarwa a Makka, ya rasu a Turkiyya a 2021. Littafinsa na tafsiri, Safwatut Tafasir, yana hannun ɗalibai a ko'ina, mutane da yawa suna karanta littafin ba su taɓa lura da sunan da ke kan bango ba. In ana maganar wanda amfaninsa ke gudana bayan ransa, ni nan zan sa hannuna.

Sannan a kiyaye wani abu. Muhammad Ali daban, Muhammad bin Ali daban. Na farko suna ne haɗaɗɗe na mutum ɗaya, na biyu kuwa Muhammad ne ɗan Ali. Muhammad bin Ali As-Sanusi da ya kafa ɗariƙar Sanusiyya, da Imam Shaukani na Yaman, da Ibn Arabi, duk 'ya'yan Ali ne. Haka Muhammad ɗan Sayyidina Ali kansa, wanda aka fi sani da Ibnul Hanafiyya. In aka cire "bin" wajen rubutu sai a gwamutsa su da waɗancan, alhali ba takwarorinsu ba ne a cikakken suna.

Malamin Tarihi:
Wannan ya rage min jerin da mutum biyu, don na sa Sanusi da Shaukani. Na gode Ustaz, na goge su.

Baban Siyama:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana. Kun lissafa laifin Basha, ban ƙaryata ba. Amma ku tuna sojojin ɗansa Ibrahim sun fatattaki na Sarkin Istanbul a Konya a 1832, suka sake a Nizib a 1839, har sai da Ingila da Rasha da Ostiriya da Furusiya suka haɗu a Landan a 1840 suka taka masa birki, aka tilasta masa rage rundunarsa. Manyan ƙasashe ba sa taruwa a kan ƙaramin mutum. Shi kuwa ɗan dambe, faɗa 61 ya yi, ya ci 56, ya sha kaye biyar, aka tashi.

Dattijo:
Ɗana, ba a nan aka tashi ba. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson mai sa makyarkyatar jiki, mutumin da bakinsa ba ya shiru ya koma magana da ƙyar. A 1996 a Atlanta na gan shi a talabijin riƙe da wutar buɗe gasar Olamfik, hannunsa na hagu yana karkarwa duniya na kallo, bai ɓoye ba. Na yi kuka ranar, ban ji kunya ba.

Kuma ga wani abu da ya shafi sunan kai tsaye. A Hollywood akwai titin da ake kafa taurari a daɓen ƙasa ɗauke da sunayen shahararru, mutane na takawa suna wucewa. Da aka zo ba shi tasa a 2002, ya ce ba za a taka sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Sai aka manna tasa a jikin bango. Duk taurarin a ƙasa suke, tasa kaɗai ce a tsaye.

Ustaz:
Sallallahu alaihi wa sallam. Baba, wannan kam ban da ta cewa. Allah ya jiƙansa.

Baban Siyama:
Amin. Wannan ya taɓa ni, ban ɓoye ba. Amma Malam, don Allah in za ka koyar da Basha kada ka tsaya a lungun Mamluk. Ka kai yaran maɗaba'ar Bulaƙ da makarantar likitanci su ma su gani.

Maman Haidar:
Malam, yaron nan fa? Me ka ce masa a ƙarshe?

Malamin Tarihi:
Ranar dai na rubuta shekarun biyu a allo, 1830 da 1942, na ce ya cire. Yau da aka tashi ya biyo ni har bakin ofis da littafinsa a hammata, ya ce, "Malam, na gane ba ɗan dambe ba ne. To shi wancan ɗin da kuɗin wa ya gina?" Na ce ya bari sai Litinin. Zan shigo da taswirar Nilu, mu fara daga gonakin auduga da kogin Mahmudiyya, mu biya ta Bulaƙ kamar yadda Baban Siyama ya nema, sannan mu hau tsaunin.